Gonar Masara a Cikin Na'ura

Masanan aikin gona suna da wata gona wadda ba ta bukatar garma ko fartanya, domin a cikin kwamfuta take. Tun 1986 aka fito da tsarin lissafin nan mai suna CERES-Maize a Amurka. Akan ba shi bayanin irin ƙasa da ruwan sama da zafin kowace rana, shi kuwa ya raini masara daga shuka har girbi, ya faɗi abin da za a samu. Sa'an nan a ƙara masa zafi, ko a ɗauke ruwa mako biyu, a ga yadda za ta kaya.

Abin da lissafin ya nuna shi ne, lokacin da masifa ta sauka ya fi yawanta muhimmanci. Masara ƙarama takan sha fari ta farfaɗo. Amma in ya riske ta tana fid da kai, tana shirin goyo, to, sai a ɓare a tarar da giɓi. Wani binciken da aka buga a 2011 kan gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 a Afirka ya gano cewa zafin da ya haura digiri 30 yana rage amfani, ɓarnar kuwa ta fi tsanani in ya haɗu da fari.

Sai dai na'urar ba ta ƙware kan ɓarnar ruwa mai yawa ba, alhali ambaliyar 2012 da ta 2022 sun cinye gonaki masu ɗimbin yawa a ƙasar nan. A ganina, kafin hukuma ta dogara da ita wajen faɗa wa manomi ranar shuka, wajibi ne a yawaita ma'aunan ruwan sama a ƙauyuka, a kuma sami masu rubuta abin da suka auna kowace safiya.