Da Wane Mudu Ake Rabon Tallafin Noma?

A wannan wata za mu leƙa wata gundumar karkara mai suna Gaines, a jihar Texas ta Amurka. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, amma tana cikin gundumomin da suka fi noman auduga da gyaɗa a jihar. Ban da rijiyoyin burtsatse da manyan injuna, akwai wani abu da ke riƙe da manomanta, wato kuɗin tallafi daga gwamnatin tarayya.

Wannan tallafi ya samo asali tun 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Yadda abin yake shi ne, gwamnati kan yanke wa auduga da gyaɗa da masara da alkama wani farashi. Idan na kasuwa ya sauka ƙasa da shi, sai ta cike wa manomi mafi yawan giɓin. Haka kuma takan biya masa kimanin kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar gonarsa.

To, abin lura a nan shi ne mudun rabon. Ana lissafin ne bisa faɗin gonar da ke rubuce a ofishin noma na gunduma, da abin da ta saba bayarwa. Saboda haka mai eka dubbai shi ke kwashe kaso mafi tsoka, ƙaramin manomi kuwa sai ɗan abin da ya samu.

Wani zai ce ina ruwanmu? Da ruwanmu. Amurka na cikin manyan masu sayar da auduga a duniya, kuma manomin da aka tsare wa asara ba ya fasa shuka don farashi ya faɗi. Auduga ta yi yawa, farashi ya ƙara karyewa, alhali kasuwar nan ɗaya ita ce ke yanke wa manomin Garwa da na kudancin Chadi kuɗin guminsu. Shi ya sa a 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kukansu taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun. Ita kuwa Brazil ƙara ta shigar tun 2002, ta yi nasara, har a 2014 Amurka ta yarda ta biya ta dala miliyan 300. Waɗancan ƙasashe huɗu ba su ga irin wannan diyya ba.

Don haka duk ranar da aka yi shelar tallafin taki ko na iri a garinku, kafin a yi tafi, a tambayi mudun rabon: bisa yawan magidanta ne, ko bisa faɗin gona? Amsar ita za ta nuna wanda zai amfana.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.