ƘWAYOYIN RAGE ƘIBA: TSARABAR DA BAI KAMATA A KAI GIDA BA

Duk ƙarshen shekara, tashoshin mota na Agege da Mile 12 a Ikko, da na Sabo a Badun, sukan cika da 'yan Arewa masu haramar tafiya gida. Mutanen kudancin Jihar Kaduna, watau Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Kachiya, sukan yi sauri don su riski Kirsimeti, wasu har da bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu. Haka kuma abin yake in Salla ta matso. A da tsarabar mai dawowa daga kurmi ba ta wuce atamfa da sabulu da goro da burodi ba. Yanzu kuwa wata sabuwa ta shiga jaka, watau shayin rage tumbi da ƙwayoyin rage ƙiba, waɗanda matar gida ko ƙanwa ta gani a Facebook ta yi saƙo a sayo mata, wai na Ikko sun fi kyau.

Wannan tsaraba, ko kyauta aka same ta, ta yi tsada. Kayan rage ƙiba da ake sayarwa ba da takardar likita ba, galibinsu iri uku ne: akwai waɗanda ba su yin kome sai cin kuɗi, akwai masu zubar da ruwan jiki su bar kitsen inda yake, akwai kuma masu aiki da gaske domin an ɓoye mugun abu a cikinsu.

Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin masu talla. Kilo 1 na kitse yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na abincin babban mutum na kwana uku cur. Kilo 10 ke nan ya kai abincin wata guda. To, wanda ya ce shayinsa zai narke kilo 10 cikin mako biyu, ya yi alkawarin abin da ko mutum ya ƙi sa kome a baki bai samu ba.

Amma mai shan shayin yakan hau sikeli ya ga ya sauka. Dalili kuwa shi ne, yawancin irin wannan shayi da filasko ake haɗa shi, ganyen nan da kowa ya san shi da sa zawo. Wasu ƙwayoyin kuma masu sa yawan fitsari ne, irin waɗanda likita kan ba mai ciwon zuciya ko mai kumburi. Abin da ya fita ruwa ne, kuma da an sha ruwa kwana biyu sai nauyin ya dawo. Sai dai tare da ruwan akwai gishirin jiki da ke fita, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Daga nan jiri da kasala da murɗawar jijiyoyi suke farawa. In an daɗe ana sha, hanji yakan saba, har mutum ya kasa zagayawa sai da shi.

Iri na uku shi ne babbar masifa. Akwai wani magani mai suna sibutramine da likitoci suka yi shekaru suna bayarwa don ya kashe sha'awar abinci. Da aka gwada shi a kan mutum wajen 10,000, sai aka ga yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, saboda haka a 2010 aka janye shi a Turai da Amurka. Tun daga lokacin hukumomin magani na ƙasashe da yawa suke ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa “ganye zalla”. Mai hawan jini da ya sha irin wannan bai san abin da ya haɗiya ba, likitan da za a kai shi wurinsa ma bai sani ba.

Ko da ganyen ne na gaskiya, ba kowane ganye ne abokin jiki ba. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 da suka sha wani haɗin rage ƙiba suka sami lalacewar ƙoda, domin an yi kuskuren sa wani tsiro mai dafi a ciki. Da yawansu suka koma ga wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya kama mafitsararsu. A 2004 Amurka ta hana sayar da ƙwayoyin ganyen ephedra bayan sun jawo mace-mace. A 2009 aka janye kayan Hydroxycut daga kantunan ƙasar saboda lalata hanta. Duk waɗannan sun faru ne a ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji birjik, balle a inda kwali kan fito daga jakar ɗan tireda.

Gaskiya ne akwai maganin da aka gwada aka yarda a sayar ba da takardar likita ba, watau orlistat, wanda Amurka ta amince da shi haka a 2007. Aikinsa shi ne hana hanji tsotse kusan kashi ɗaya cikin huɗu na man da aka ci. Amma ribarsa ba ta wuce kilo 2 zuwa 3 a shekara a kan abin da mutum zai rage in ya kame bakinsa kawai. Wanda kuwa ya sha shi ya bi da miyar manja da tsire, man zai fito masa ta inda ba ya so, wani lokaci ma a cikin jama'a. Allurar nan ta semaglutide da ake yayi yanzu tana rage nauyi sosai, amma sai da izinin likita da sa idonsa, ga tsada, kuma in an daina nauyin yakan dawo. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an sami jabunta a Burazil da Ingila da Amurka.

Mai saye yakan ce ai ya ga lambar NAFDAC a jikin kwalin. Ya kamata a san cewa kayan ganye da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, kuma a jikinsu akwai ɗan rubutu da Turanci mai cewa hukumar ba ta tabbatar da abin da aka ce maganin yana yi ba. Ita lambar ma ana buga ta jabu. A watan Fabrairu na 2025 NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota a Ikko, da na bakin gada a Anaca, da na Aba, ta kwashe tireloli na jabun magunguna da waɗanda suka lalace. Daga irin waɗannan kasuwanni kaya ke gangarawa har kantunan ƙauye.

Abin dariya da ban takaici shi ne, in aka karanta bayan kwalin, sau da yawa citta ce a gaba cikin kayan haɗin. Ina kuwa ake noman citta a Nijeriya kamar Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a? Manomin da cutar citta ta 2023 ta cinye masa gona, shi ne kuma ake sayar wa matarsa garin citta cikin kwali mai hoton Baturiya a kan kuɗin mudu da yawa. Da citta tana narke kitse, da ba a sami mai tumbi ko ɗaya a Kwoi ba. Citta tana da amfaninta a kunu da yaji da kwantar da tashin zuciya, amma abin da bincike ya gani game da rage ƙiba ɗan kaɗan ne.

Kada kuma a manta, kantin da ke sayar da ƙwayar ramewa shi ne ke sayar da “sha ka fashe” ga 'yan matan da ke son su yi jiki kafin biki. Wannan kuwa maganin kumburi ne mai ƙarfi, yana cika fuska da ciki, yana jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Hausawa suka ce garin neman ƙiba an samo rama. Yau sai ga mace ta sha wancan ta kumbura, ta dawo wurin mai kemis ɗin ya ba ta wannan don ta sace. Shi ya ci riba sau biyu, ita kuwa ƙodarta ce ke biya. Iyalin da ciwon ƙoda ya shiga gidansu suka fara jigila zuwa Jos ko Kaduna ko Shika don wanki sau biyu ko uku a mako, su ne za su faɗi yadda gona da akuya suke ƙarewa.

Ba wanda ya ce ƙiba ba ciwo ba ce. Tana tafe da hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Amma hanyar rage ta sananniya ce: a rage lemon kwalba da sukari da soye-soye, a rage malmalar tuwo a ƙara ganye da wake, a koma ga gwaten acca da ƙasar ta saba da shi, a riƙa tafiya da ƙafa kullum. Wanda ya rage rabin kilo a mako ya yi ƙoƙari, kuma sannu ba ta hana zuwa. Mai ciki da mai shayarwa da mai hawan jini kuwa, kada su kusanci waɗannan ƙwayoyi sam. Wanda kuma ya ga ƙafarsa ko fuskarsa ta kumbura, ba kitse ba ne, asibiti zai nufa.

Ya kamata NAFDAC da Hukumar Kula da Masu Harhaɗa Magunguna su riƙa leƙa kantunan Kafanchan da kasuwannin ƙauye a kai a kai, domin dokar lasisin masu kemis ba ta ba su ikon sayar da maganin da sai likita ke rubutawa ba. Limaman coci da na masallaci da ƙungiyoyin zumuntar mata su ma suna da bakin magana. Shi kuwa ɗan Arewa mazaunin kudu, in aka yi masa saƙon shayin rage tumbi, gara ya aika da kuɗin ya ce a je babban asibitin Kafanchan ko asibitin da ke kusa a auna jini da sukari, a ji shawarar likita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.