Daga Lambun Makaranta: Tsiro Mai Tulu, Ɗan Kan Dutse

 

Kwanan baya muna cikin darasin tsire-tsire da 'yan aji shida, muna faɗa masu cewa tsiro yana samun abincinsa daga ƙasa da ruwa da iska da hasken rana, sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, yayana ya nuna mani hoton wani tsiro, wai yana cin ƙwari. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana mu shuka shi a lambun makaranta ya cinye mana sauro?" Aji duka ya fashe da dariya. Amma tambayar tana da ma'ana, gama tsiron yana nan, kuma mutane da yawa sun yi asarar kuɗi wajen ƙoƙarin renonsa. Mun yi wa yaron alkawari za mu amsa masa a wannan fili, domin iyayensa ma su ji.

Wane tsiro ne wannan?

Masana suna kiransa Nepenthes. Wani masanin ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya raɗa masa sunan a 1737, daga wata kalmar Helenanci mai nufin "babu baƙin ciki". Mu kuwa bari mu kira shi mai-tulu. Irinsa ya fi 150. Yawancinsu suna tsibiran Borniyo da Sumatara da Filifin, can gabashin duniya. Akwai kaɗan a Indiya da Siri Lanka da arewacin Ostareliya. Mafi kusa da mu su ne na tsibirin Madagaska da na Seshel. A dajinmu babu shi.

Kun san zaren nan da duma ko kabewa ke miƙawa ta kama danga? Haka ƙarshen ganyen mai-tulu yake miƙa zare. Sai bakin zaren ya kumbura sannu a hankali har ya zama tulu sosai, da baki da murfi. Murfin ba ya rufewa a kan ƙwaro kamar tarko, yadda wasu suke zato. Aikinsa shi ne tare ruwan sama, da kuma fid da wani ruwa mai zaƙi da ke jawo tururuwa da kiyashi. Bakin tulun kuwa, in ya jiƙe, santsi gare shi ƙwarai. Tururuwa ta zo lasar zaƙi, ƙafa ta zame, sai ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala! A gindin tulun akwai ruwan da tsiron kansa ya tsatso, wanda ke narkar da gawar kamar yadda cikinmu ke narkar da nama.

Me ya kai tsiro ga wannan sana'a? Talauci ne. Ƙasar da yake tsirowa a kai ruwan sama ya wanke ta, ba ta da abin da taki ke bayarwa, musamman naitirojin. Abin da saiwa ta rasa a ƙasa, shi ganye yake nema a jikin ƙwari. Ku riƙe wannan, gama duk hikimar renonsa daga nan ta fito.

Na kwari da na tudu

Masu reno sun raba mai-tulu gida biyu. Akwai na kwari, masu son zafi dare da rana. Akwai na tudu, waɗanda ke zaune daga wajen mita 1,000 zuwa sama, inda gajimare ke kwana a kan itatuwa. Maganarmu ta yau a kan na tudu ce. Su ne suka fi kyau, su ne kuma suka fi ba da wahala.

Babban gidansu shi ne Dutsen Kinabalu, a jihar Sabah ta ƙasar Maleshiya, cikin tsibirin Borniyo. Tsawonsa mita 4,095. A can ne sarkinsu yake, wanda ake kira Nepenthes rajah. Wani Bature mai suna Hugh Low ya tsinko shi a 1858, aka rubuta bayaninsa a 1859. Tulunsa guda yakan ɗauki ruwa har lita 3 da rabi, an kuwa taɓa samun ɓera ya nutse a ciki. Sama da shi kuma akwai villosa, wanda ke kaiwa fiye da mita 3,000, inda sanyin dare ke sa haƙora kaɗawa.

Akwai wani kuma, lowii, wanda in ya girma ba ya dogara ga ƙwari. Wata 'yar dabba mai kama da kurege takan hau bakin tulunsa ta lashi zaƙin da ke ƙarƙashin murfi, tana lasa tana kashi a ciki. Masana sun nuna a 2009 cewa fiye da rabin naitirojin da ke ganyensa daga kashin nan yake. Watau ya ba ta abinci, ta biya shi da taki. Da muka faɗa wa 'yan aji wannan, sai da muka jira suka gama dariya tukuna muka ci gaba.

Darasin da Turawa suka saya da tsada

A zamanin Sarauniya Biktoriya attajiran Ingila sun haukace a kan mai-tulu. Wani gidan sayar da tsire-tsire na Landan, na iyalin Veitch, ya aiki Frederick Burbidge zuwa Kinabalu, ya kwaso rajah a 1878, aka fara sayar da shi a 1881. Masu saye suka ce, ai tun da daga ƙasar zafi ya fito, zafi yake so. Suka sa shi a ɗakunan gilashi da ake hura wa wuta dare da rana. Tsiron ya yi ta ramewa yana mutuwa a hannunsu. Ba don rashin kulawa ba ne. Sun kula da shi ƙwarai, sai dai ba su tambayi yadda dare yake a gidansu ba.

Wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Dankalin Turawa yana yin kyau a Filato, amma a shuka shi da bazara a Sakkwato a gani. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Mai-tulu na tudu ya saba da digiri 20 zuwa 27 da rana, da dare kuwa 10 zuwa 15. Ga dalilin da sanyin daren ya zama dole. Da rana tsiro yana tara abinci da hasken rana. Da dare yana ci daga abin da ya tara. In dare ya yi zafi, jikinsa yakan yi ta ci da sauri, har ya cinye fiye da abin da ya samu. Kamar magidanci ne mai samun naira ɗari yana kashe ɗari da ashirin. Ba zai faɗi a rana ɗaya ba, amma rumbu yana ƙarewa. Haka tsiron yakan yi wata da watanni yana fid da ganye ƙanana, kowanne bai kai na baya ba, har ya tsaya cik.

Abin da masu reno suke yi yanzu

Na ɗaya, sanyin dare. A ƙasashen sanyi kamar Ingila da Jamus abin da sauƙi: a buɗe tagar ɗakin gilashi da rani, a ɗan ɗumama shi da hunturu domin kada ƙanƙara ta taɓa shi. A ƙasar zafi kuwa sai da na'ura. Wasu suna gyara tsohon firji su sa masa fitila a ciki. Wasu suna hura iska da fanka ta cikin jiƙaƙƙen abu, dabara ɗaya da wadda ke sanyaya ruwa a randa. A Singafo an buɗe wani ƙaton ɗakin gilashi a 2012, wanda ake sanyayawa dare da rana domin tsire-tsiren kan duwatsu, har da mai-tulu.

Na biyu, ruwa. Ruwan sama yake so, ko ruwan da aka tace shi sarai. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, irin wanda ke barin fari-fari a cikin buta, guba ne gare shi. Gishirin yakan taru a tukunya ya ƙone saiwa. Ana jiƙa shi kullum, amma ba a barin gindin tukunyar cikin ruwa, gama saiwarsa ba ta da yawa, kuma tana saurin ruɓewa.

Na uku, abin dasawa. Ba a sa shi cikin ƙasar lambu. Ana haɗa wata gansakukar fadama mai riƙe ruwa kamar soso, da gutsattsarin ɓawon itace ko ɓawon kwakwa da aka wanke sau da dama, da wata farar tsakuwa marar nauyi, domin iska ta riƙa ratsa saiwar. Kashin kaji, da takin shanu, da toka, da takin zamani irin na masara, duk an hana. Abincin wani gubar wani.

Na huɗu, haske da laima. Yana son haske mai yawa, amma ba ranar tsaka ba. Rana ta safe, ko wadda ta ratso ta cikin raga, ita ce daidai. Yana son iska mai laima, kashi 70 cikin 100 ko fiye, musamman da dare, amma iskar ta riƙa motsi domin kada ruɓa ta kama shi. Tsiron kansa yakan ba da labari. In ganye yana fitowa amma zaren ya bushe bai zama tulu ba, to, haske ya kasa ko iska ta bushe.

Na biyar, ciyarwa. In yana waje zai kama abinsa. In yana cikin ɗaki, ƙaramin ƙwaro ɗaya a tulu a cikin wata ya isa. Yara su kan so su jefa masa tsokar nama ko ƙuli-ƙuli. Wannan ruɓar da tulun yake yi.

Na shida, haƙuri. Mai-tulu kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace, sai an sami biyun sun yi fure lokaci ɗaya kafin a sami iri. Irin kuwa siriri ne kamar zare, ba ya jure ajiya. Daga iri zuwa fure, rajah yakan ɗauki wajen shekara 10. Don haka akan yanki reshe a dasa kamar rogo, a jira wata ɗaya ko biyu ya yi saiwa. Masu gwaninta suna ba sabon shiga shawara ya fara da masu haƙurin zama, kamar ventricosa na Filifin, ko sanguinea na Maleshiya, ko maxima na Indunusiya. Wanda ya fara da villosa, kuɗinsa ya zubar.

Ɓarayin dutse

Ga inda abin yake da ban tausayi. Wasu irin mai-tulu a kan dutse ɗaya tak suke a duniya duka. Ɗaya daga cikinsu, clipeata, na Dutsen Kelam ne a ɓangaren Borniyo na Indunusiya. Masu tumɓukewa su sayar, da gobarar daji, sun kusa ƙarar da shi. Abin baƙin cikin shi ne, babban tsiron da aka tumɓuke daga dutse ba safai yake rayuwa a tukunya ba. Dutse ya yi asara, mai saye ma ya yi asara.

Akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya a kan cinikin dabbobi da tsire-tsiren da ke neman ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975, Nijeriya ma tana ciki. Ta sa dukan irin mai-tulu a ƙarƙashin tsaro. Ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takarda, rajah kuwa da khasiana na Indiya an hana cinikin waɗanda aka ɗebo daga daji. Amma abin da ya fi doka taimako shi ne renon kwalba. Ana shuka iri cikin kwalba mai tsabta a kan wani abinci kamar kamu, a yi ta raba 'ya'yan har su zama dubbai. Wani gidan reno a Siri Lanka, mai suna Borneo Exotics, ya yi suna a wannan aiki. Da tsiron kwalba ya yawaita, kuɗinsa ya sauko, sai kasuwar ɓarawo ta ragu. Duk wanda zai saya, a kowace ƙasa yake, wajibi ne ya tambaya: na kwalba ne, ko na dutse?

Har yanzu kuwa ana gano sababbi. A 2007 aka ga wani mai ƙaton tulu a kan wani dutse a tsibirin Palawan na Filifin, aka sa masa sunan David Attenborough, mai shirya fina-finan namun daji.

To, lambun makaranta fa?

Yanzu sai amsar yaronmu. A Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara ke kai digiri 40, dare ma bai huce ba, mai-tulu na tudu ba zai rayu a fili ba. A Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, daren hunturu yana da sanyin da yake so, amma a lokacin nan ne iska ta fi bushewa. Da damina kuwa ga laima, amma dare bai kai sanyin Kinabalu ba. Tudun Mambila, inda ake noman shayi, shi ya fi kusa da yanayin gidansu. Batun sauro kuma, ka yi haƙuri, yaro. Tururuwa ce babban abincinsa. Wasu irin sauro ma a cikin tulun suke ƙyanƙyashe 'ya'yansu. Gidan sauro dai shi ne maganin, kada a fasa ɗaurawa.

Ga aikin gida na wannan wata, iyaye su taimaka. A sami faranti biyu masu tsabta. A zuba cokali uku na ruwan rijiya a ɗaya, cokali uku na ruwan sama a ɗaya, a ajiye a rana har su ƙafe. A duba wanne ya bar fari a gindi. Wanda kuma yake da ma'aunin zafi, ya auna da ƙarfe 2 na rana da ƙarfe 5 na asuba har kwana bakwai, ya rubuta. Ku aiko mana da abin da kuka samu da sunan garinku, mu ga garin da darensa ya fi kusa da na Kinabalu.

Sai wata mai zuwa. Ku huta lafiya.