Jan Ruwan Bompai da Abin da Ido Ba Ya Gani

Tsatsa da lakar da ke fitowa daga rijiyoyin burtsatse na gidajen Bompai da maƙwabtanta, irin su Gwagwarwa da Tudun Wada da Dakata, sun sake zama abin magana, kamar yadda suke zama duk ƙarshen bazara idan ruwan ƙasa ya ja baya, kuma abin takaicin shi ne maganar ba ta wuce ta farar shaddar da ta yi ja da tankin da ya yi kanta.

Kano tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ruwa ba ya taruwa sai a cikin tsagoginsa da ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke samansa, ga kuma marmara, wato jar ƙasa mai yawan sinadarin ƙarfe, shimfiɗe kusa da doron ƙasa. A can ƙasa, inda iska ba ta isa, ƙarfen yana narkewa cikin ruwa ba tare da ya sauya masa launi ba, shi ya sa ruwan kan fito garau daga famfo, amma da zarar ya kwana a bokiti ya sha iska sai ya rikiɗe ya yi ja, ya bar gari a gindi. Wani lokaci tsohon bututun ƙarfe ne ke cinyewa daga ciki, wani lokaci kuma wasu ƙananan halittu ne da ke rayuwa a kan ƙarfen suke haɗa yauƙi mai wari har ya toshe injin. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007, ta tsayar da iyakar ƙarfe a miligiram 0.3 cikin kowace lita, kuma an yi hakan ne galibi saboda ɗanɗano da ɓata tufafi.

Laka kuwa shaida ce a kan mai haƙa. Rijiyar da aka yi bisa ƙa'ida ana zura mata bututu mai ƙananan ƙofofin tacewa a daidai inda ruwa yake, a kewaye shi da wankakkiyar tsakuwa domin ta tare yashi, a toshe saman ramin da siminti domin kada ruwan kwata ya bi gefen bututun ya gangara, sannan a hura ta da iska har ruwan ya washe kafin a miƙa wa mai gida. Abin da aka fi gani shi ne mota ta iso da safe ta tashi da yamma, an tsattsaga bututun roba da zarto, an watsa tsakuwar da aka samu, an bar simintin saboda mai gida ya nemi ragi, an kuma sauke injin har kusa da gindin rami inda zai riƙa zuƙo taɓo. Mai gida ya biya kuɗi ya yi godiya, ba a ba shi ko takardar da ke nuna zurfin ramin ba.

A wata unguwar wannan sakaci asarar kuɗi ce kawai, amma Bompai unguwar masana'antu ce. Shekaru da dama ruwan masana'antun jima da masaƙu yana bin magudanai zuwa rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya ƙare a madatsar Wasai, kamar yadda na Sharada da Challawa ke gangarawa kogin Challawa. Jimar zamani tana amfani da gishirin kuromiyam, wani ƙarfe da ƙa'idar ruwan sha ta SON ta ƙayyade shi a miligiram 0.05 kacal cikin kowace lita, dalma kuma a 0.01, kuma a wannan ƙanƙanta ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu. Ramin da ya bar laka ta shiga ba shi da mai gadin da zai hana sauran. Don haka magidancin da ya sayo mataci a kasuwa, ya ga ruwansa ya yi fari, ya kwanta da murna, ya kawar da ɗan aike ne bai karɓi saƙon ba, domin mataci irin na zare yana tare gari ne kawai, narkakken ƙarfe kuwa wucewa yake yi abinsa, tafasawa ma ba ta cire shi. Ana cewa yawancin masana'antun sun rufe, sai dai ƙasa ba ta amayar da abin da ta sha ranar da aka kulle ƙofa.

Tushen matsalar dai shi ne rashin ruwan famfo. Birnin da ya samu ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, birnin da aka gina masa madatsar Tiga a 1974 da matatar Tamburawa daga baya, shi ne yau kowane gida ya zama hukumar ruwan kansa, mai hali ya huda ƙasa, marar hali ya jira 'yan ga-ruwa da kurarsu, waɗanda su ma daga irin waɗannan ramukan suke cika jarkoki. Wannan abin kunya ne, kuma hukumar da ta kasa kawo ruwa ba ta da hujjar kasa sa ido a kan masu haƙa, kamar yadda NESREA, da aka kafa a 2007 domin kula da dokokin muhalli, ba ta da hujjar barin mazauna gefen Getsi suna auna lafiyar ruwansu da launin bokiti.

Gwajin da ya dace shi ne na ɗakin bincike, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, a nemi a auna kuromiyam da dalma da ƙwayoyin cuta da sunansu, a kuma ɗebi ruwan daga bakin rijiyar kafin ya shiga tanki ko mataci.