Gilashin Motar da Ya Ba Ni Kunya

Ranar Asabar muna kan titin Maiduguri, daidai Hotoro, gilashin ƙofar motar yayana ya zame ya faɗa cikin ƙofa, ga ƙurar hunturu tana ta shigowa. Yaya ya dube ni ya ce, "To injiniya, bismilla." Wallahi ko ta inda ake buɗe ƙofar ban sani ba.

Wani yaron gareji ne ya fitar da mu kunya. Ya kwance sukurori, ya ɓalle marfin ciki, ya nuna mini: gilashin yana zaune ne a kan wani ƙarfe da inji ke ɗagawa da saukewa, roba tana riƙe da shi gefe da gefe. Ƙura ta cika robar, gilashin ya cije, Yaya kuma ya yi ta danna maɓalli har ya goce daga mazauninsa. Yaron ya mayar da shi, ya ɗaure noti, ya goge robar, ya shafa giris a ƙarfen. Ko Ƙofar Ruwa ba a je neman kaya ba.

Ni fa watanni suka rage in karɓi difloma a fannin injiniya. Laifin wa? Nawa ne. Wata huɗun SIWES, sa hannu kawai na riƙa bi, kamar da yawanmu. Ranar neman aiki kuwa, ba wanda zai tambayi wa ya sa maka hannu, sifana za a miƙo maka.

Ƙannena masu fita SIWES bana, ku nemi garejin gaske, ku bar hannunku ya yi baƙi.