Gahawar Turmi Ta Fi Ta Gwangwani

Mu mutanen Fammar, in mun je Rano, mukan zauna wurin mai shayi, a dama mana garin Nescafé da madara da sukari, mu ce mun sha gahawa. Lalle ba mu sha ba. Garin nan sai 1938 aka fito da shi a Turai. Alhazanmu da suka ratsa Sudan sun ga ta ainihi: a soya 'ya'yanta kamar gyaɗa, a daka, a tafasa da citta. Ga shi ana nomanta a tsaunin Mambila, kasko da turmi kuwa kowane gida akwai. Kada ƙyuya ta sa mu bar manomanmu ba masu saye. Haza wasalam.