Kafin ka biya kuɗin logo, ka nemi asalin fayil ɗin

Yau maganar da ku nake, masu sayar da turare, atamfa, takalma ko abinci ta status, waɗanda ake yi wa logo da fosta.

Ni a ganina, in ka biya mai zane ya turo maka hoto ɗaya tak ta WhatsApp, to hoton logo kawai ka saya, logon yana hannunsa. Za ka gane haka ranar da ka je buga bana ko allon shago. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci. A fuskar waya ba za ka lura ba, amma a faɗaɗa shi ya kai mita 2, sai ka ga gefen haruffan ya farfashe kamar ɓera ya gaigaye. Mai bugawa ya ce sai an sake zanawa, ka sake biya.

Don haka tun wajen ciniki ka ce kana son PNG wanda babu launi a bayansa, da kuma fayil ɗin da ake kira vekta, wato SVG ko CDR. Shi vekta da layuka aka gina shi ba da ɗigo-ɗigo ba, komai girman da aka ja shi ba ya fashewa. CDR na CorelDRAW ne, kuma da shi yawancin masu buga takardu a nan suke aiki. A turo maka su a matsayin Document.

Ban raina masu aiki da PixelLab ko Canva ba fa, akwai yara masu hannu sosai. Matsalar ita ce PixelLab a cikin wayar yake ajiye aiki. Mu da muke kan teburin gyara mun san yadda waya take faɗawa ruwa ko ta ƙone, komai na ciki ya tafi. In ta mai zanenka ce, logonka ya bi ta. Ka ajiye naka a Google Drive, ai 15GB suke bayarwa kyauta.

Launi ma, na waya haske ne, na inji tawada ce. Kore da shuɗi masu ƙyalli sukan dushe a takarda, ka sa a buga guda ɗaya ka gani tukuna.

Sai abin da ya fi ci min rai: haruffanmu masu ƙugiya. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Maimakon mai zane ya canza salon, sai ya cire ƙugiyar ya wuce abinsa. Kai kana sayar da baƙin shayi, allonka na cewa bakin shayi. Ka karanta kowace kalma da lambar wayarka sau biyu kafin ka tura cikon kuɗin.